Azumin Tana

In ka hau tudun nan na yammacin Jawa, ka shiga kwalejin noma, ka tambayi Oding Sukarma, za a yi ta kallonka kamar ka tambayi hanyar wata. Amma ka ce mutumin da ya buɗa wa tana baki, ko ɗalibin da ya zo jiya zai nuna maka ɗakin binciken da ya yi aiki. Tana dai da ka sani, tsutsar ƙasa, abincin kaji da ƙugiya.

Abin ya faru ne a watan azumi, shekarar da malamar sashen, Bu Cucu (Bu shi ne kiran girmamawa ga mace a nan), ta dawo daga karatu a Turai da digiri mai nauyi da filas ɗin ƙanƙara rungume a ƙirji. Akwatunanta ta bari aka jefa inda aka ga dama, amma filas ɗin a cinyarta ya yi tafiya tun daga can. A cikinsa akwai wata 'yar kwalba da ba ta kai ƙaramin yatsa ba, a cikin kwalbar kuma wani ruwa da ba a samunsa a ƙasar nan ko da tsiya ko da arziki.

Mang Oding, wato kawu Oding, kamar yadda kowa ke kiransa, a lokacin sabo ne, an ɗauke shi ya riƙa tono tsutsa yana wanke kwalabe. Bu Cucu mace ce mai son kowa ya fahimci abin da yake yi, don haka ta zaunar da shi ta yi masa bayani.

"Mang, in ka ci abinci, cikinka yana sakin wasu sinadarai, kamar 'yan aike. Wani ya ce wa tumbi zuba ruwan narkewa, wani ya ce wa madaciya matso, har ya kai wa kai labari cewa an ƙoshi. To masana sun ga masu kama da su a jikin tana, kuma ba a hanji kaɗai ba, har a lakarta da ƙwaƙwalwarta."

"Au, tana tana da ƙwaƙwalwa, Bu?"

"Kamar kan allura."

"To ta fi mijin ƙanwata," in ji Mang Oding.

Abin da take son gani shi ne ko ɗan aiken nan yana ƙaruwa ko raguwa in tsutsa ta ji yunwa. Za a yanka lakar siriri-siriri, a ɗiga mata ruwan kwalbar, duk inda sinadarin yake ya rine ya yi ruwan ƙasa, a duba a madubin ƙara girma. Ta raba tsutsotsin gida biyu. Na akwatunan dama a ba su abinci. Na hagu a kwantar da su a kan jiƙaƙƙiyar takarda.

"Waɗannan azumi za su yi, Mang. Sati biyu."

A wajenmu ko likita zai ɗebi jininka haka yake cewa, ka zo da azumi. Ita abin da take nufi ke nan, kada komai ya shiga cikinsu. Shi kuwa Mang Oding azumi ɗaya ya sani tun yana yaro, kuma yana da farko yana da ƙarshe. Da aka buga gangar masallaci da magariba, ya kurɓi shayinsa mai zaƙi, ya ci ayabarsa da aka dafa da madarar kwakwa, sai ya tuna akwai bayin Allah a akwatunan hagu da suka wuni kamar yadda ya wuni. Ya ɗebo dusar awara mai laushi ya barbaɗa musu. Da yake a ɗan ɗakin da ke bayan ginin yake kwana, kafin ketowar alfijir sai ya kwashe saura, ya sauya takarda tsaf, kada wata ta karya azuminta da gangan.

Bu Cucu ta yanka rukunin farko, ta ƙarar da ruwan kwalbarta har ɗigon ƙarshe. Ta kwana da yawa tana leƙen madubi, tana mamakin yadda mayunwata da ƙosassu suka zama kamar an tsaga kara. Wata rana mamakin ya riƙe ta har faɗuwar rana. Ta fito neman ruwa ta tarar da Mang Oding a tsugune gaban akwatunan hagu na rukunin da ba a yanka ba tukuna, da hularsa, yana barbaɗa dusa yana motsa baki.

"Mang, me kake yi?"

"Buɗa-baki, Bu. Ke ma ga shayi can na ajiye miki."

"Tun yaushe kake ba su?"

"Tun ranar farko, Bu," ya ce, har da ɗan alfahari. "Ko sau ɗaya ban makara ba."

Ta jawo kujera ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba, mutanenmu ba su cika yi ba. Ta sha shayin, ta ce Allah ya karɓa, ta tafi gida. Ya sha faɗa daga baya cewa da ta zage shi tas, da ya yi barci a ranar.

Da salla ta zo, aka yi layin neman gafara kamar yadda aka saba, kowa ya haɗa tafin hannu ya taɓa na ɗan'uwansa. Da layi ya kawo shi gabanta ya sunkuyar da kai ya ce, "Bu, ba zan bar wurin nan ba sai aikin nan ya kammala."

 Ta ce, "To, Mang. Na ji."

Abin da ba wanda ya sani a kwalejin shi ne Mang Oding bai zo don ya zauna ba. A ƙauyensu, tafiyar wuni guda a mota, mahaifinsa ya bar masa tafkin kifi da 'yar fadamar shinkafa a gindin tsauni. Wansa ne ya roƙe shi ya bar masa su damina ɗaya ya aurar da 'ya, shi kuma ya taho birni ya rage zaman banza. Wan ya cika alkawari, ya saki tafki a kan lokaci. Matarsa Eha ta ɗaure kayanta ta ce mu tafi. Ya ce ta yi gaba ta riƙe musu wurin, da zarar an kawo sabon ruwa an sake gwajin, yana nan tafe. Wata uku, in ya yi yawa shida.

Ruwan nan sai da aka shekara kafin a amince a saya. Da ya iso filin jirgi aka ajiye shi a wani sito mai rufin kwano har ya yi ɗumi kamar shayin safe. Aka sake nema, sai kuɗin ƙasa ya faɗi, abin da ake saya da kwandon kuɗi ya koma sai da buhu. Da aka samu wani daga hannun wata abokiyar karatun Bu Cucu, wuta ta ɗauke a hutun salla, firij ya narke, ruwansa ya malalo har bakin ƙofa. Daga nan Bu Cucu ta haihu. Daga nan aka ba ta shugabancin sashe, wanda a kwalejin nan ma'anarsa ka wuni a taro kana cin soyayyen rogo kana sauraron mutanen da ba su san lokacin da ake yin shiru ba. Bayan wannan Mang Oding ya daina riƙe dalilan. Duk damina zai tambaya, a ce masa bana dai da wuya, Mang, amma a shirya tsutsotsin, ba a sani ba.

Yana kuwa shiryawa. Ruwan farko na sauka zai ɗauki fartanya da bokiti ya bi bayan garken shanu, inda ƙasa take baƙa da laushi. Ba kowace tsutsa yake ɗauka ba, sai manya masu zobe a wuya, don su Bu take so. Ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya raba dama da hagu. Yanzu ya gane azumin turawa, babu sahur babu buɗa-baki, kuma bai taɓa sake karya shi ba, amma da magariba yakan juya wa akwatunan hagu baya kafin ya kai loma. In kwanakin suka cika ba a kawo ruwan kwalbar ba, ya kwashi ramammun ya kai gindin ayaba ya zuba, ya ce su yafe. Shekara ta zagayo a sake. Gwiwoyinsa suka fara ƙara in zai tsuguna, daga baya suka fara ƙara ko bai tsuguna ba.

Ba wai ba shi da wani aikin ba. Shi ke wasa wuƙar injin yanka, shi ke narka kakin da ake binne nama a ciki, shi ke tsayar da ɗalibai mata in sun ga an tsaga tsutsa sun fara neman bango. Yakan sa tsutsa a ruwan da ke sumar da ita, ya jira har ta saki jiki, ya yi bisimilla kafin a kafa allura. Ɗalibai suka yi ta zuwa suna tafiya, kowane rukuni ya gaji labarin daga na gabansa, yana ƙara masa gishiri. Har akwai masu rantsuwa wai sallar asham yake ja musu.

Rumfar Bi Popon, wato goggo Popon mai abinci, da ke bakin ƙofar kwalejin, nan ce majalisar tsiya. Bi Popon sa'arsa ce, bakinta kuwa ya fi barkonon da take dakawa.

"Ga Liman nan! Ku matsa wa Liman. Mang, an ga wata a akwatin hagu kuwa?"

"Zuba mini shinkafa, Bi."

"Da kifi ko kai ma azumin kake? Ni fa tambaya gare ni ta ilimi. In tana ta haɗiye yawu, ya karye?"

Ɗalibai su fashe da dariya, shi ma ya yi murmushi ya kunna tabarsa mai kanumfari. Bai taɓa ramawa ba. A ganinsa wanda ya zubar da ruwan da aka rungumo daga Turai ba shi da bakin ramuwa.

Ƙarshen wata yakan hau mota ya je ƙauye kwana biyu. Eha ta riƙe tafkin da hannunta, ta koyi zaɓen 'ya'yan kifi, ta koyi faɗa da masu sari. Da farko in ya zo takan tambaye shi saura yaushe. Daga baya ta koma yi masa ba'a, wadda ta fi tambayar ciwo.

"Kang," ta ce, don haka mata ke kiran maigida a nan, "gaishe mini da iyalanka na akwati. Ka ce musu matar tafki tana nan da rai."

"Alkawari na ɗauka, Eha."

"Ni da aka ɗaura mana aure waƙa ka rera?"

Sai ya je ya zauna a bakin ruwan, ya watsa dusa, ya kalli kifaye suna tasowa da baki a buɗe. Nan kaɗai yake ciyar da abu ba tare da ya waiga ba. Washegari da yamma ya kama hanyar mota. Sau da yawa ya tsara maganar da zai yi wa Bu Cucu, ya jera ta tun daga tasha har ƙofar ofishinta. Sai ya leƙa ya gan ta cikin tulin takardu, ta ɗago ta ce, "Lafiya, Mang?" Ya ce lafiya lau, Bu, dama kakin ne ya kusa ƙarewa.

Gashinsa ya yi fari, nata ma ya fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Yarinyar da ta haifa a tsakiyar jiran nan ta isa shiga sakandare. Sannan wata damina hukumar kwaleji ta yanke cewa za a mai da ɗakin binciken ɗakin kwamfuta, tsutsa kuma ta koma inda Allah ya ajiye ta. Bu Cucu ta kira shi ta ce a shirya, bana za a yi. Bai ko ɗaga kai ba, don ya sha jin haka. Amma da kwanakin azumin suka cika sai ga ta da filas, ta naɗe hannun riga, ta zauna gaban injin yanka kamar ba ta taɓa tashi ba.

Da aka gama rini ta kira shi ya leƙa madubin. Ya rufe ido ɗaya ya daɗe yana kallo. Wani abu kamar zare ya gani, an jera masa ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, kamar gyauron ganyen shayi a gindin kofi.

"Shi ke nan ɗan aiken, Bu?"

"Shi ne, ko mai kama da shi."

"Wannan mai azumi ce ko mai ci?"

"Mai azumi." Ta sauya gilashin. "Ga mai ci."

Ya sake leƙawa, ya goge ido da gefen riga, ya kuma leƙawa. "Ni fa duk ɗaya nake gani."

"Akwai ɗan bambanci a wasu. A wasu babu. Zan rubuta abin da na gani, shafi kaɗan ne."

"To ta san ta ƙoshi ko ba ta sani ba?"

"Ba mu sani ba, Mang. Mun dai san ɗan aiken yana nan. Saƙon da yake kaiwa, sai wani ya zo bayanmu."

Mang Oding ya gyaɗa kai. Ya zaci in ranar nan ta zo zai ji kamar an sauke masa buhu. Abin da ya ji kawai shi ne yana son ya zauna. Amma an gama, kuma an gama daidai, ba wanda ya ci komai. Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a ya nufi ofis don ya yi sallama.

Ya tarar da ita idanu sun yi ja. Kafin ya buɗe baki ta riga shi.

"Mang, ka yafe mini. Na ja abin nan iyakar ƙarfina. Sunanka a jikin aikin nan yake, in an rufe shi an rufe gurbinka. Ruwan da muka yi amfani da shi, ka san shekara nawa ya yi a firijin sashen dabbobi? Duk shekara sai in rubuta cewa bincike yana ci gaba. Tun ranar sallar nan da ka roƙe ni kada in kore ka, na ce in Allah ya yarda ba ta hannuna za ka rasa abinci ba."

Ya tsaya yana kallon bakinta. "Na roƙe ki, Bu?"

"Ka ce ba za ka bar nan ba sai aiki ya kammala. Ai na gane, ba sai ka fito fili ba. Amma kada ka damu, na yi magana. Ana neman mai gadin sabon ɗakin kwamfuta, ba tsuguno, ba tono. Ka ce to kawai, gobe a rubuta sunanka."

Nan fa Mang Oding ya ji "to" ɗin ta taso masa har maƙogwaro, don ita bakinsa ya saba. Mace ta yi maka ɗawainiyar shekaru, ta yi ƙarya a takarda saboda kai, ga ta tana hawaye, da wane ido za ka ce mata a'a? Ya kalli tagar, ya kalli hularsa da ke hannunsa. Ya hango kansa a kan benci a ƙofar ɗakin kwamfuta, da tocila, yana tsara wata maganar daga tasha zuwa ofis.

"Bu," ya ce, muryarsa kamar ta aro, "ina da tafki."

"Tafkin me?"

"Na kifi. A ƙauye. Da 'yar fadama."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki dawo daga Turai. Damina ɗaya na zo yi. Na ɓata miki ruwa ne, na ce ba zan tafi ba sai na ga an gyara."

Bu Cucu ta ajiye alƙalaminta. Sai ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suka fara rawa. Ya ɗauka kuka take, ya fara ba ta haƙuri, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, irin wadda ba ta da daɗi sosai.

"Wayyo Mang. Me ya hana ka faɗa?"

"Ke me ya hana ki tambaya, Bu?"

"Kunyarka nake ji."

"To ni ma."

Yanzu yana ƙauye. Gwiwoyin ba su bar shi ya shiga ruwa ba, 'ya'yan wansa ne ke jan koma, Eha ce ke ciniki, shi aikinsa ya zauna a kan kututturen kwakwa ya watsa dusa. Ba wannan zaman ya yi mafarki ba, amma a bakin tafkinsa yake yinsa. Eha ta ce ta bar miji a birni an dawo mata da kaka, ta kuma ce ba za ta mayar ba.

Ranar da zai bar kwalejin, ya tsaya a rumfar Bi Popon yana jiran mota, da kwali ɗaure da igiya da tabarmarsa. Labarin ofis ya riga shi isa, don a kwalejin nan bango ma yana da baki. Rumfar ta cika da ɗalibai da masinjoji, kowa yana so ya yi wa Liman ganin ƙarshe. Bi Popon ta zuba masa shinkafa ta ɗora kifi biyu, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, sannan ta riƙe ƙugu.

"To Liman, ka tafi ka bar jama'a ba jagora. Yau dai sai ka faɗa mana tsakaninka da Allah, me ka gani a jikin tsutsa har ka buɗa mata baki? Ba ka ji kunya ba, ƙato da kai?"

Aka yi dariya, ana jiran murmushin nan nasa da shiru. Mang Oding ya cire ƙaya daga kifin a hankali, ya ajiye a gefen faranti.

"Kunyar me, Bi? Su dai kullum rana ta faɗi na zo na gaya musu. Ni da na yi nawa azumin a nan, kina kallona safe da yamma, ko sau ɗaya kin ce mini Mang, an buga ganga? Ƙaro mini shayi."